Gani-Ɗaya Zai Tantance Masu Yunwa

An yi wani mai sayar da gwanjo a wata unguwa, ana ce masa Gani-Ɗaya. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya gifta ta ƙofar shagonsa sai ya karkace kai ya ce, "Wannan? Gani ɗaya na yi masa, na san abin da ke aljihunsa da abin da ke cikinsa." Sau tari yakan kira maigida ɗan aike, ya kira ɗan aike maigida, a yi masa dariya, amma mutumin nan ko a jikinsa. Ƙato ne, ga tumbi ga murya, kuma da muryar kaɗai ya ci kujerar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa, don ranar zaɓe ba wanda ya samu sararin buɗe baki. Tun daga ranar ake ce masa Ciyaman. Kujerar nan ita ce ransa, da a taɓa ta gara a cinna wa shagonsa wuta.

Ana nan sai majalisar gari ta ce daga harajin da ake karɓa za a riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana, kowane yaro, ba ware na wane da na wane. Aka kafa rumfa a bayan azuzuwa, aka kawo wata shirgegiyar tukunya, aka ɗauki wata dattijuwa mai kaifin baki ta riƙa girki, yara na kiranta Iya. Shinkafa ce da miya, wata rana har da ƙwai. Yara suka yi ta murna, iyaye suka sa albarka. Mutum ɗaya ne abin ya tsaya wa a maƙogwaro.

Ranar taron iyaye, tun kafin Hedimasta ya gama yi wa jama'a barka da zuwa, Gani-Ɗaya ya miƙe.

"Jama'a ku tsaya! Harajin wa ake dafawa a tukunyar nan? Ba namu ba ne, mu da muke yini a rana? Ni in biya haraji, ɗan mai gidan mai, wanda ake kawowa a mota, ya zo ya cika ciki da gumina? A ciyar da masu yunwa, na yarda, ni ma ina da tausayi, kowa ya sani. Amma kowa da kowa? Wannan ai ɓarna ce tsagwaronta!"

Hedimasta, wani siririn mutum mai tabarau da yawan haƙuri, ya ce, "Ciyaman, ai dalilin da ya sa aka ce kowa ke nan. Wa zai tsaya ya ce wannan yana jin yunwa, wancan ba ya ji? Ba a goshi ake rubuta ta ba."

"A goshi take, Malam! Ku ne ba ku iya karanta ta ba. Ni shekara da shekaru ina sayar da tufa. In na dubi rigar yaro, na san abin da aka dafa a gidansu. Ku ba ni mako guda kawai."

Can baya Mahauci na zaune, wanda Gani-Ɗaya ya kayar a zaɓe kuma bai huce ba. Ya gyara zama ya ce, "In ka kasa fa?"

"Wa? Ni?"

"Kai fa."

Gani-Ɗaya ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "In ƙarshen mako ya zo ban raba masu yunwa da masu ƙoshi ba, ban mayar da tukunyar nan rabi ba, na sauka daga kujera. Kowa ya shaida!"

"Mun shaida," in ji Mahauci, da sauri, kamar mai tsoron kada a janye tayin.

Hedimasta ya kai magana majalisa. Su ma da yake an dame su da ƙorafin haraji, suka ce a gwada, ƙarshen mako za su turo jami'i ya ga sakamako. Gani-Ɗaya ya ba da umarninsa na farko: kowane yaro ya ajiye yunifom, ya zo da kayan gida.

Safiyar farko ya sa aka kawo masa tebur bakin rumfar Iya, ya riƙe rula a hannu, yara suka yi layi. Wanda ya nuna wa dama ya ci, wanda ya nuna wa hagu ya koma aji. Sai ga wata yarinya tsaf, riga a goge har tana ƙyalli, an shafa mata mai, an gyara mata kai.

"Ke 'yar gata, hagu! Ji fuska tana sheƙi. Ku ne masu cinye mana haraji."

Bayanta wani yaro ne, gwiwar wando a yage, ƙafa duk ƙura, maɓalli ɗaya ya rage a rigarsa.

"Allah sarki," in ji Gani-Ɗaya, har da langwaɓe kai. "Kun gani ko? Irin waɗannan ake nema. Iya, a ƙara masa ƙwai."

Iya ta dube shi sama da ƙasa. "Ciyaman, ka san ɗan wane ne?"

"Ba sai an gaya mini ba. Zuba!"

Ta zuba. Da aka tashi, mota ta zo ta ɗauki yaron, don ɗan mai gidan mai ne, ƙwallo ya buga kafin a shiga aji. Yarinyar kuwa 'yar mai wanki ce, wadda uwarta ke bi gida-gida tana wanke kayan mutane. Abin da kowane mai hankali a unguwar ya sani, Gani-Ɗaya ne kaɗai bai sani ba: in aka ce a zo da kayan gida, wanda ba shi da shi ne ke fito da rigar da ta fi kyau, don kada a raina masa ɗa. Mai hali ko oho, abin da yaro ya jawo shi zai sa. Haka mutumin nan ya kori kusan duk masu yunwar makarantar, ya ciyar da masu ƙoshi, yana murmushi. Yarinyar ta fita daga layi. Ta je bakin famfo ta sha ruwa ta koma aji, kuma wanda duk ya gani sai da ransa ya ɓaci.

Da yamma Mai Wanki ta dira ƙofar shagonsa, hannunta duk ya yi fari saboda sabulu.

"Kai ne ka ce 'yata 'yar gata ce?"

"Baiwar Allah, ni abin da idona ya gani na faɗa."

"Ni na wanke rigar, ni na goge ta. Laifi ne talaka ya yi tsafta?"

"To wa ya aike ki? Kin rikita mini aiki. In kina so ta ci, gobe ki sa mata tsumma mana."

"In sa wa 'yata tsumma don ka gane tana jin yunwa? Allah ya sauwaƙe. Idon naka da kake taƙama da shi, ka kai shi a duba maka."

Ta tafi, amma maganar tsumma ba ta tafi ba. Masu shagunan kusa sun ji, kafin rana ta faɗi ta zaga unguwa. Akwai wata dila a ƙuryar shagonsa, ragowar kayan yara da suka ƙi sayuwa, masu huji da tabo, har ɓeraye sun yi gida a ciki. Sai ga mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, masu motoci da masu manyan shaguna, kowa na tambayar kayan yara, "amma waɗanda suka ɗan sha jiki." Gani-Ɗaya ya ɓalle dilar, ya tsuga kuɗi, aka wawashe tas. Ya koma gida bakinsa har kunne.

"Yau na yi ciniki," ya ce wa matarsa. "Dilar nan da kike cewa in ƙona, ko zare bai rage ba."

"Su wa suka saya?"

"Manyan mutane!"

"Manyan mutane suka sayi tsumma, Maigida, kuma ba ka tambayi kanka me za su yi da shi ba?"

"Goge mota mana. Ke me kika sani a harkar kasuwa?"

Ta ce, "Babu," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Washegari ya iso makaranta ya tarar da abin da ya kusa sa shi zama a ƙasa. Layi har bakin ƙofa, yara cikin yagaggun riguna, wani hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wani wando ɗaure da igiya. Ya matsa ya kama wuyan rigar wani, sai ga alamar jan biro da yake yi wa kayan shagonsa. Ya kama ta gaba, ita ma haka. Ɗan mai gidan burodi, wanda kumatunsa ke rawa in yana tafiya, yana cikin wata singileti mai huji uku. 'Ya'yan talakawa kuwa sun sake zuwa tsaf, iyayensu sun ƙi zubar da mutunci.

Iya ta dogara da ludayi ta ce, "Ciyaman, yau kam duk gari ya tsiyace. In zuba?"

"Kada ki zuba! Maguɗi ne!"

"Wa ya sayar musu da kayan maguɗin?"

Gani-Ɗaya ya saki rigar yaron. Ya zaga tebur yana huci, sannan ya ɗaga rula. "Tufa tana ƙarya, amma nama ba ya ƙarya. A kawo sikeli! Mai nauyi ya ƙoshi, mara nauyi ya ci."

Sikelin da ya fi kusa na Mahauci ne, amma Gani-Ɗaya ya ce ko mutuwa zai yi ba zai roƙi abokin gaba ba. Ya aika wurin Mai Ƙarafa, mai sayen tsofaffin tukwane da gwangwanaye, wanda yake ɗan gaban goshinsa ne a ƙungiya. Mai Ƙarafa ya zo da kansa yana gumi, yana cewa sikelin ba shi da lafiya, a bari sai wani lokaci. Gani-Ɗaya ya daka masa tsawa, aka sauke sikeli. Kafin nan labari ya kai gidaje, mata sun cika bakin katanga suna kallo.

Yaro na farko ya hau, allura ta ɗan motsa. Na biyu ya hau, haka. Ɗan mai gidan burodi ya hau da kumatunsa, allura ta nuna abin da bai kai nauyin ɗan akuya ba.

"Ikon Allah," in ji Gani-Ɗaya, yana sosa ƙeya. "Ashe kumburi ne."

Mahauci, wanda ya rufe rumfarsa musamman don ya zo kallo, ya ce, "Bari ni ma in gwada." Ya hau da dukan jikinsa. Allura ta tsaya inda ya kamata ɗan aji huɗu ya tsaya. Ya dafa ciki ya ce, "Iya, zuba mini, ashe ni ma maraya ne."

Wata mata daga bakin katanga ta rafka salati. "Da wannan sikelin ka sayi tukwanen uwata? Shi ya sa ka ce ba su da nauyi!" Nan take mata suka yi caa a kan Mai Ƙarafa, kowace da tsohon ƙorafinta. Ai sikelin mai saye ne, an koya masa rage nauyi tun yana sabo. Duk ɗan kasuwa ya san haka, ban da shugabansu.

"A kawo wani!" in ji Gani-Ɗaya. "A kawo na Mai Gawayi!"

Mai Gawayi shi ma na hannun damansa ne. Ya zo yana roƙo a kunne, "Ciyaman, don girman Allah ka rufa mini asiri." Gani-Ɗaya bai ma saurare shi ba. Aka ɗora wata 'yar mitsitsiyar yarinya 'yar aji ɗaya, wadda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Allura ta zabura ta wuce nauyin buhun siminti.

"Hagu!" in ji Gani-Ɗaya. "Ƙashi gare ta."

Wannan karon ihun ya fi na farko, don ba gidan da ba ya sayen gawayi. Mata suka tsallako katanga. Mai Gawayi ya ruga ya bar takalmi, Mai Ƙarafa ya bi bayansa, suna gudu suna waiwaye suna tsine wa Ciyaman. Gani-Ɗaya ya shiga tsakiya zai yi sulhu, wata ta maka masa murfin tukunya a kafaɗa, ta ce kuskure ne. Ana wannan hayaniya Iya ta yafito yara ta bayan rumfa, ta zuba wa kowa, masu tsumma da masu guga. Ko da ƙura ta lafa Gani-Ɗaya ya leƙa tukunya, har an kankare ƙanzo.

"Wa ya ba ki izini?"

"Shinkafar ce ta ce za ta huce," in ji Iya.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya, ya nemi Mahauci a ɓoye su sasanta. Gani-Ɗaya kuwa sai ya shiga aji-aji yana shelar sabuwar doka. Baki, in ji shi, ba ya ɓoye abin da ya ci. Daga gobe duk yaron da ya karya kumallo a gida ba shi da rabo a tukunya, kuma shi da kansa zai tsaya a ƙofa ya sansana bakin kowa.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge. "Ciyaman, yara ɗari nawa ne fa. Hancinka zai iya?"

"Malam, hancin nan yana gane turaren da aka fesa wa riga a wata ƙasa bayan an wanke ta. Bakin yaro ne zai gagare shi?"

Da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, yara na zuwa suna yi masa "haa" a fuska. Da farko-farko ya yi ta yanke hukunci da ƙarfin gwiwa: wannan shayi, wannan ƙwai, wannan ba komai. Sai wani mai mura ya zabga masa atishawa a ido. Yana gogewa, wani shaƙiyyi ɗan aji shida da ya tauno ɗanyar albasa musamman ya huro masa iska, har hawaye suka zubo masa. Bai gama farfaɗowa ba aka turo wani ɗan ƙaramin da bai fahimci dokar ba. Yaro ya ga ƙaton hanci na shigowa bakinsa, ya yi abin da kowa zai yi, ya datse.

Ihun da Gani-Ɗaya ya yi har kasuwa an ji. Da ƙyar malamai biyu suka ɓamɓare yaron. Hanci ya kumbura ya toshe, ko hayaƙi ba ya ji, amma ya ƙi tashi. Ya ci gaba da nuna dama da hagu yadda ya ga dama, yana magana ta hanci. Ranar ma tukunya ba ta ragu ba, don duk wanda ya kora sai ya zaga ya sake shiga layi, shi kuwa ido na ruwa ba ya gane fuska. Ya koma gida rai a ɓace, matarsa ta kawo abinci ya ture, ya ce shi ba ya cin komai sai ya ga bayan maƙiyansa.

Abin da bai sani ba, matan unguwa sun haɗu a bakin famfo sun yanke shawara. Tunda karin kumallo ne ke hana yaro abincin rana, to ba gidan da za a kunna wuta da safe.

Ranar ƙarshe, ranar zuwan jami'i, ya tashi cikinsa na ƙugi. Ya yi wanka, ya fito da babbar riga da sabon takalmi, ya manna filasta a hanci, ya zauna yana jiran shayi. Shiru. Ya leƙa kicin, murhu sanyi ƙalau, matarsa na zaune tana yanke farce.

"Ina shayi?"

"Wane shayi, Maigida? Ba kai ka kafa doka ba?"

"Dokar ta yara ce!"

"Naka ma yara ne. In na kunna wuta ƙamshi ya kama musu riga, ka kore su a ƙofa, in ce wa? Ni mai biyayya ce."

"Ni fa jiya ban ci komai ba."

"Ai ka ce sai ka ga bayan maƙiyanka. Allah ya nuna maka."

Ya fita yana ƙunƙuni ya nufi teburin mai shayi. Can ya tarar da duk magidantan unguwa, kowa fuska a murtuke, don kowa irin amsar da ya samu a gida ke nan. Butar shayi ta ƙare, ƙwai ya ƙare. Burodi ɗaya ya rage, yana hannun Mahauci. Ba wanda ya matsa masa a benci, ba wanda ya amsa gaisuwarsa da kyau.

"Ciyaman, bismilla," in ji Mahauci, yana miƙo ɓallin burodi.

Yawu ya cika bakin Gani-Ɗaya, amma ya ɗaga kai. "Na ƙoshi. Ni ba a ciki nake rayuwa ba."

"Madalla," in ji Mahauci, ya jefa a baki.

Kafin hantsi filin makaranta ya cika. Jami'in majalisa ya zo da jakarsa, aka ba shi kujera a inuwa tare da Hedimasta. Iyaye maza da mata suka zagaye, 'yan ƙungiyar kasuwa suka tsaya gefe guda, har da Mai Ƙarafa da Mai Gawayi suna harare-harare. Yara na layi, amma yau ba tsalle ba surutu, kowa ya yi laushi, ƙanana na hamma suna jingina da juna. Ba yaro ɗaya da ya sa wani abu a bakinsa. Bisa dokar Gani-Ɗaya, duk makarantar ta cancanci ci.

Jami'i ya ce, "To, Ciyaman, an ce ka raba masu yunwa da masu ƙoshi. Ina masu ƙoshin?"

Gani-Ɗaya ya dubi layi, ya dubi 'yan ƙungiya, ya ga kujerarsa na zamewa. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ƙwaƙwalwarsa ba ta samu abinci ba. Ya fito tsakiyar rana ya buɗe hannuwa.

"Yallaɓai, bincikena ya wuce nan. Na gano ba rabi kaɗai ya kamata a rage ba, tukunyar ce gaba ɗaya ba ta da amfani! Wace yunwa? Daga safe zuwa azahar har wani abu ne? Sangarta ce kawai. Ku dube ni! Tun jiya ko ruwan shayi ban sa a cikina ba, ga ni nan garau, ko kokawa ce a fito!"

Daidai nan Iya ta buɗe tukunya. Hancinsa da ya toshe tun jiya, sai yau ya ga damar buɗewa. Ƙamshin miya ya shige shi har ƙwaƙwalwa.

"Mu a zamaninmu," ya ci gaba, yana haɗiyar yawu, "muna yini... muna yini ba... Harajin talaka, Yallaɓai, harajin... shinkafa..."

Ya ga Hedimasta ya zama biyu. Ya ga jami'i na lilo da kujerarsa. Ya miƙa hannu zai dafa tebur, tebur ya matsa. Ƙaton mutumin nan ya sulale ya zube tim, babbar riga ta rufe masa kai, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Aka yi kansa. Wani ya kwara masa ruwan wanke kwanuka, wata ta yi masa fifita da murfin kwali. Ya buɗe ido a rumfar Iya, an jingina shi da buhun shinkafa, Iya na tsaye a kansa da kwano yana tururi. Hannunsa ya miƙe da kansa.

"Dakata, Iya," in ji Mahauci. "Ba a tantance shi ba. Yara, ya cancanta?"

Yaran da suka yi laushi sai ga shi sun samu murya.

"Takalminsa sabo ne!"

"Rigarsa a goge take!"

"Yana da tumbi!"

"A kawo sikelin Mai Gawayi!"

"Hagu! Hagu!"

Gani-Ɗaya ya bi kwanon da ido kamar zai yi kuka. Sai Mai Wanki ta ratso jama'a, ta karɓi kwanon daga hannun Iya ta dangwara masa a cinya.

"Ku bar shi ya ci. 'Yata ta sha ruwan famfo ta koma aji ta yi karatu. Shi ba shi da ƙarfinta."

Da mai kunya ne da ya ture kwanon. Gani-Ɗaya ko cokali bai jira ba. Ya sa hannu yana ɗurawa, miya na bin filastar hancinsa, shinkafa na zuba a babbar riga. Jami'i ya rufe jakarsa ya ce ya ga abin da ya zo gani, tukunya ta kowa ce kamar yadda aka fara, a zuba wa yara kafin wani ya sake faɗuwa. Iya ta hau rabo, layi ya motsa.

Mahauci ya hau benci ya ɗaga murya. "'Yan ƙungiya, kun ji alkawarin da aka yi a gaban kowa. Mako ya ƙare, tukunya ba ta ragu ba, sai ma baki ɗaya da ya ƙaru. Kujera ta faɗi. In akwai mai ja, ya ɗaga hannu yanzu."

 Mai Ƙarafa ya harɗe hannuwa, Mai Gawayi ya kalli sama. Duk ido ya koma kan Gani-Ɗaya, mutumin da bai taɓa barin wani ya gama magana ba. Kumatunsa cike, idonsa jajur. A hankali hannunsa ya fara tashi. Mahauci ya ɓata fuska, jama'a suka matso don su ji abin da zai ce.

Hannun ya tashi da kwano a ciki, ya karkata wajen tukunya.

"Iya," ya ce da ƙyar, "ɗan ƙara, har da ƙwai."

Kafin ya kai loma ta gaba, an gama zaɓen sabon shugaba.